Sati Biyar da Injin Liatu Ya Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa kai markaɗe Yalwa, layin da ke bayan famfon burtsatse, ya san Liatu, ya kuma san in zai yi mata magana sai ya buɗe maƙogwaro. Shekara ashirin da shida tana tsaye a kan injin nan, yau wake, gobe gero, jibi tattasai da shinkafar masa, har ƙarar ta cinye mata kunnen hagu gaba ɗaya, na dama kuma ta bar mata rabi. Gajeriyar mace ce mai ƙarfin hannu, zaninta kullum da ɗigon ƙullu, ga faɗa. In ka kawo wake ba ka tsince tsakuwa ba, ranar sai ka ji tarihin gidanku. Amma ba a taɓa jin ta mayar da kwanon wani ba don bai zo da komai a hannu ba.

'Yar ƙauyukan Bogoro ce. Aure ne ya kawo ta Bauchi tana da shekara sha tara, da tukwane biyu da tabarma ɗaya. Mijinta Job birkila ne, dogo, siriri, dattijo a cocinsu, mutum mai gaskiya har ta yi yawa. Taurin kai kuwa, kai! In Job ya ce bango ya karkace, ko mai gidan ya rantse ya ce shi haka yake so, sai ya rushe ya sake. Haihuwa huɗu Liatu ta yi masa, uku suka koma tun suna goye, aka bar musu mace ɗaya, Christabel. Shi ya zaɓi sunan, wai na wata nas ce da ta taɓa yi masa kirki. Liatu ta yi wata shida kafin bakinta ya iya faɗa.

Yarinya ta tashi da kai mai kyau. Ta gama kwalejin horon malamai, ta ɗauki takardunta a leda ta shiga gari neman aiki. Shekara huɗu tana yawo, daga wannan ofis zuwa wancan, ana ce mata ta dawo wata mai zuwa. Da yamma ta dawo ta ɗaura tsohon zani ta tsaya gefen uwarta tana zuba ruwa a inji. Ana cikin haka wata mata mai ƙamshin turare ta zo daga Jos, ta ce tana kai 'yan mata aikin gida ƙasar Labanan, kuma gidan da ta samo gidan Kiristoci ne, har da gicciye a ƙofa. Shekara biyu kacal, yarinya ta dawo ta buɗe makarantarta.

Liatu ta yi kwana uku tana juya maganar, ta yarda. Job ya ce atafau.

"Ina raye, 'yata ba za ta je wanke wa wasu banɗaki a ƙasar da ban san hanyarta ba," in ji shi.

"Baba, nan ɗin me nake yi? Na tsufa ina ɗauraye kwanon mutane?"

"In kika sa ƙafa a motar nan, ki nemi wani uban."

To, 'yar waye? Taurin kan ai ba a ƙasa ta tsince shi ba. Farkon damina Christabel ta sa ƙafa a motar. Liatu ita kaɗai ta raka ta tasha, ta dawo ta tayar da inji don kada a ji kukanta.

Abin da matar Jos ba ta faɗa ba shi ne, ranar da yarinya ta sauka, uwargidan da take wa aiki za ta karɓe fasfo da waya ta kulle. Wata biyu shiru, sannan saƙo ya zo ta bakin matar Jos ɗin: tana lafiya, amma dokar gidan ita ce kira biyu a shekara, Kirsimeti da Ista, wato idin tashin Yesu, da wayar madam. Ranar Kirsimeti kuwa, da hantsi, 'yar ƙaramar wayar Liatu mai tocila ta yi ƙara, ga wata doguwar lamba. Minti goma aka ba ta. Uwa da 'ya suka cinye biyar da kuka, sannan Christabel ta ce a ba Baba. Liatu ta miƙa masa. Bawan Allahn nan ya dubi wayar, ya miƙe, ya ɗauki kwanon dusa ya zagaya bayan gida wajen agwaginsa.

"Ba komai, Mama," in ji Christabel. "Ranar Ista zan sake gwadawa. Amma don Allah kada ku taɓa kiran lambar nan. In kun kira, a kaina za ta ƙare."

Kada wani ya ɗauka abin bai ci Job ba. Ya ci shi, kuma kowa a coci ya gani. Ka'idarsu ce, mai riƙe da wani a zuciya ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gutsuren burodi da ɗan kofin da ake zagawa da su farkon wata. Wasu sukan rufe ido su ɗauka, wa ya san cikin wani? Job ba haka yake ba. Tun watan da yarinyar ta tafi, in faranti ya iso gabansa sai ya naɗe hannu ya bar shi ya wuce, ga shi a kujerar dattawa, gaban jama'a duka. Liatu tana can ɓangaren Zumuntar Mata da tulunta na kiɗa a cinya, in ta hango sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Bayan sabuwar shekara ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya ce gajiya ce. Da kumburin ya hau ciki aka kai shi asibiti, aka yi gwaje-gwaje, likita ya ja Liatu gefe ya ɗaga murya saitin kunnenta mai ji, ya ce ƙoda ce, duka biyun, su koma gida a riƙa ba shi abin da yake so. Ta gane. Ta kawo shi gida a keke mai ƙafa uku, kansa a kafaɗarta, mutumin da da ko hannunta ba ya riƙewa a titi.

Wata ranar Laraba da la'asar tana shafa masa man kaɗanya a ƙafa, sai ta ga bakinsa na motsi. Ta juyo kunnen dama.

"Na ce saura kwana nawa Ista?"

"Sha takwas. Me za ka yi da ita, kai da ko bakin ƙofa ba ka kaiwa?"

Ya daɗe yana kallon silin. "Yarinyar nan. In ta kira, ki ba ni."

Liatu ta ɓoye murnarta, don ta san in ta nuna zai iya fasawa. Ta gama shafa man, ta rufe kwalba, ta fita bayan rumfar inji ta durƙusa ta yi kukan daɗi. Daga ranar buri ɗaya ya rage mata a duniya, mutumin nan ya kai Ista, ya faɗa wa 'yarsa da bakinsa ya yafe, ita ma ta ji da kunnenta. Fasto ya zo duba shi, ya ce tunda zuciya ta sauko bari ya kawo masa Jibi har gida. Job ya girgiza kai. Ya ce sai ya yi magana da ita tukuna, ranar Ista da yamma a kawo.

Shekarar Ista ta faɗo tsakiyar azumin Musulmi, ga zafi kamar ana gasa mutum. Lokacin ne kasuwar mai markaɗe take ci, tun azahar kwanukan waken ƙosai da na kunu suke layi har bakin titi. Ranar Asabar Liatu ta kashe inji, ta wanke shi, ta rufe da buhu. Ta san kunnenta. In injin na aiki ko aradu ta faɗi ba za ta ji ba, balle 'yar waya. Ta kai wayar caji gidan maƙwabta masu janareta, ta zauna a gabanta har ta cika.

Asubahin Lahadi matan Zumunta suka fito da fitilu da waƙa, suna zaga unguwa kamar yadda ake yi kowace Ista, ana tuna matan da suka yi sammakon zuwa kabarin Yesu. Shekara ashirin Liatu ce mai buga musu tulu. Ranar tana jin su suka wuce ƙofarta, ba ta leƙa ba. Tana ciki tana yi wa Job aski. Shi ya ce a aske masa gemu, a sa masa farin kaftaninsa, a fito da shi gindin mangwaro a kujera. Ta ce, "Wai a waya za ta ga kaftanin?" Ya ce, "Ke dai sa mini."

Suka zauna, waya a kan turmi a tsakaninsu. Hantsi ya yi. Aka shiga coci, aka fito. Wayar ta yi ƙara sau bakwai, kowane karo zuciyar Liatu sai ta yi tsalle, kowane karo kuma dangi ne daga Bogoro suna barka da Ista. Na farko ta amsa da mutunci. Na bakwai kuwa cewa ta yi, "Ku kashe, ku kashe, kuna tare hanya!" Shinkafar da ta dafa ta huce a tukunya. Inuwar mangwaro ta zagaya, ta riƙa jan kujerarsa tana bin ta. Da yamma Fasto ya iso da ɗan farantinsa a rufe da farin ƙyalle, ya dubi fuskokinsu, ya yi addu'a, ya koma da abinsa.

Litinin aka ɗunguma Galili, wato fitar da ake yi zuwa kan dutse washegarin Ista, da abinci da kiɗa da sababbin kaya. Unguwa ta yi tsit. Job bai bari an cire masa kaftanin ba sai da rana ta faɗi. Tana cire masa ya ce, "Ta rama."

"Rama me?"

"Abin da na yi mata ranar Kirsimeti. Ta yi daidai."

Liatu ta san 'yarta ba za ta yi haka ba. Amma in ba ramuwa ba ce, to mene ne? Ta sha jin labarin 'yan matan da suka tafi irin aikin nan aka dawo da su a akwati, da waɗanda ko akwatin ba a gani ba. Sai ta rasa wanne za ta roƙa wa kanta, 'ya mai riƙo da take raye, ko 'ya mai biyayya da ta mutu. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Talata da azahar Amatullah ta zo da roban wake a ka. Tsohuwar mai kawo markaɗe ce, matar wani malamin asibiti a layin gaba, ita da Liatu kullum cikin tsiya suke a kan wa ya fi wani rowa. Ta tarar da inji a rufe kwana na huɗu.

"Maman Christabel, lafiya? So kike mu sha ruwa da garin kwaki?"

Liatu ta buɗe baki za ta mayar mata, sai hawaye. Amatullah ta sauke roba ta ji labari tun daga farko. Ta ce ai mutanen can Larabci suke yi, kuma mahaifinta, Malam Hammajoda na Ƙofar Ran, shekara talatin yana koyar da Larabci. A kira lambar, shi ya yi magana.

"Yarinyar ta ce kada a kira," in ji Liatu.

"Ta san ubanta na kwance da ta faɗi haka?"

Liatu ta tuna gargaɗin, ta tuna kumburin da ya kai ƙirjin Job. Ta bar shi da wata maƙwabciya, suka tari keke.

Malam Hammajoda tsoho ne fari, siriri, yana zaune a zaure kan buzu, azumi ya bushe masa leɓe. Ya saurari 'yarsa, ya ce wa Liatu, "Sannu, baiwar Allah. Allah ya ba mai gidan lafiya." Ya gyara tabarau, ya kwafi doguwar lambar a wayarsa, ya kira. Sai da ta yi ƙara sau biyu ana ƙin ɗauka, a na uku wata mace ta amsa. Malam ya yi sallama cikin natsuwa, ya jero Larabcinsa na littafi, mai kyau, a hankali. Daga can aka zubo masa magana kamar ana juye tsakuwa a kwano. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita da faɗa. Ya fara cewa mahaifin yarinyar ba shi da lafiya, ƙit, aka kashe.

Ya cire tabarau ya share gumi. "Larabcinsu ba irin namu ba ne, sauri gare shi. Amma abu uku na kama. Yarinya tana nan lafiya. Ta ce suna azumi. Ta ce sai ranar idi za ta ba ta waya."

Liatu ta zube a ƙasan zauren tana godiya, wa Allah, wa Malam, wa Amatullah, duk a haɗe. Tana da rai! Da hankali ya dawo suka zauna lissafi su uku. Azumi, a wannan watan, a ƙasar Larabawa, ai ba sai an tambaya ba. Ko matar Jos ƙarya ta yi game da gidan, ko an mayar da yarinyar gidan Musulmi. Ko ma wanne ne, saura kwana bakwai ko takwas Sallah. Malam ya ce, "Ranar Sallah ba mai hana 'ya gaida iyayenta. Ki je ki ce ya daure." Wa zai ga laifinsu? Duk Bauchi azumi ɗaya aka sani a watan. Lissafi ne mai kyau ƙwarai, sai dai ba daidai ba ne.

Ta koma ta gaya wa Job, ta ɓoye zancen canjin gida, ta ce dokar madam ce ta canja, sai ranar Sallah. Ya dube ta da kyau, ya ga ba ƙarya take ba, ya ce a ba shi kunu. Allah sarki. Sai ga dattijon coci, mutumin da bai taɓa damuwa da tsayuwar wata ba, ya sa an ajiye masa rediyo a gefen filo. Duk wanda ya shigo gaishe shi, kafin a zauna zai ce, "Yau azumi nawa?" Ranar ashirin da tara aka ce ba a ga wata ba, za a cika talatin. Ya ja tsaki ya ce masu duban ba su da ido. Liatu ta yi dariya, rabonta da dariya tun kafin Ista. Injin dai ba ta buɗe ba. Mata suka yi ta magiya, ga markaɗen Sallah, ta ce su kai layin gaba, in yarinyar ta samu hanya ta kira kafin ranar fa?

Sallah ta zo ranar Laraba. Aka sake aski, aka sake kaftani, amma wannan karon bai iya zaman kujera ba, a gado aka jingina shi da filo uku. Amatullah ta kawo tuwon Sallah da miyar taushe, ta zauna tare da su har la'asar, tana satar kallon wayar. Da za ta tafi ba ta iya haɗa ido da kowa ba. Alhamis shiru. Juma'a Liatu ta kira lambar da kanta, ta ƙi shiga. Malam ya gwada da tasa, ta ƙi shiga. Fasto ya nemi matar Jos, wayarta a kashe, wanda aka tura shagonta ya tarar ana sayar da takalma a ciki.

Daga nan Job ya daina tambayar kwana. Ya daina shan kunun. Liatu ta yi azumi, ta yi addu'a har muryarta ta dushe, ta yi wa Allah alkawura, ta yi masa faɗa ma, ta ce minti biyu kawai take roƙo, minti biyu a duk faɗin mulkinsa. Wata safiya da abin ya fi ƙarfinta ta shiga ɗaki da fara'ar ƙarya.

"Maigida, ta kira fa! Kana barci, na yi ta tashinka. Ta ce tana gaishe ka, ta ce ba ta riƙe ka da komai ba."

Ya buɗe ido da ƙyar. "Liatu, shekara talatin da biyar muna tare, har yau ba ki iya ƙarya ba."

Ta zauna bakin gado ta rufe fuska da zani.

Fasto ya sake zuwa da farantinsa. Ya yi masa bayani da Littafi, ya ce Allah zuciya yake dubawa, wanda ya yafe a ransa ya yafe. Job ya ce a'a. Ya ce da baki ya kori yarinyar, kunnenta ya ji, to yafewar da ba ta isa kunnen nan ba, ba ta gama zama yafewa ba. Ni dai a nan na ji haushinsa, mutum yana bakin kabari yana gardama da fasto! Amma haka Allah ya yi shi, bai taɓa barin bango a karkace ba. Da Fasto ya fita ya sa Liatu ta kawo kunnenta na dama daf da bakinsa.

"In ta kira bayan ba ni, ki ce na yafe mata tun kafin Ista. Ki ce ni na fara, ita ma ta yafe mini." Ya huta. "Amma ba za ta kira ba."

Ranar Talata da hantsi ya cika, sati biyu ba kwana ɗaya bayan Sallah, bai ci Jibin ba. Aka kai shi Bogoro aka binne kusa da uwarsa. Liatu ta dawo Bauchi ta zauna karɓar gaisuwa, waya ɗaure a bakin zani, a jikin fata, inda in ta yi rawa za ta ji.

Kwana goma sha biyu da rasuwar, ranar Lahadi bayan an taso coci, matan Zumunta sun cika tsakar gida, ita tana durƙushe tana ɗauraye kofuna, sai ta ji abu na motsi a ƙugunta. Hannunta duk kumfa ta kwance zanin. Doguwar lamba. Ta manna a kunne, ta ji ƙararrawa na kaɗawa can nesa, da hayaniyar mutane, da ƙarar cokula.

"Mama! Mama, Yesu ya tashi!"

 Christabel ba ta ma jira amsa ba, magana take zubawa, ta wanda ya yi wata huɗu bai yi Hausa da kowa ba.

"Mama, kun fita asuba? Ke kika buga tulu? Gobe Galili ko? Kai, Mama, azumin mutanen nan! Kusan kwana hamsin ba nama ba madara, ni ma da su na yi. Jiya suka tafi da ni coci don in riƙe musu jariri. Ina can baya a tsaye da kyandir, ban gane ko kalma ɗaya ba, amma da suka ɗauki ihu na san me suke cewa, na yi ta kuka. Mama, ba ki san abin da ranar nan take a wurina ba. Akwai ranar da na fita shanya a baranda, hawa na bakwai muke, na daɗe ina kallon ƙasa. Sai na ce a'a, bari in kai Ista. Ranar da Ubangiji ya fito daga kabari Baba ba zai iya ƙin karɓar waya ba."

"Wace Ista?" Liatu ta ce. "Ista ta wuce sati biyar."

"Wane irin sati biyar? Yau ce Ista, Mama. Ga ƙwan idin nan na dafa musu tun jiya, na rina shi ja."

Abin da ba wanda ya sani a layin nan ke nan, har Fasto da ya ce an taɓa koya musu a makaranta ya manta. Gidan na Kiristoci ne kamar yadda aka faɗa, ba a canja mata gida ba. Sai dai cocinsu tsohuwa ce mai nata lissafin kwanaki. Kirsimetinsu ta zo daidai da ta nan, shi ya sa ba wanda ya yi zargin komai. Istarsu kuwa wata shekara takan haɗu da ta Bauchi, wata shekara ta makara sati ɗaya, a waccan shekarar ta makara sati biyar cur. Azumin da matar ta gaya wa Malam nasu ne. Yarinyar da ba ta da waya, ba ta fita, ba ta da kalanda sai ta bangon kicin ɗin madam, ita ma ba ta san gida an riga an gama ba.

"Mama, ba lokaci. Madam ta ce minti biyar ne bana, wai wani namiji ya kira yana nemana, ta yi fushi sosai. Ba Baba. In ya ƙi karɓa ki kara masa a kunne kawai, ni zan yi maganar."

Kwana goma sha biyu Liatu tana riƙe da saƙon mijinta, tana maimaita shi a zuciya. Amma ga ƙararrawa, ga kunne rabi, ga mata sun zagaye ta sun yi tsit, ga muryar 'yarta tana cewa yi sauri, yi sauri. Sai bakinta ya fara da abin da ya fi nauyi.

"Christabel, babanki ya rasu."

Sai wata irin ƙara, da faɗuwar abu a ƙasa, faranti ne ko wayar ce. Sai muryar wata mace tana faɗa da Larabci, kusa, kusa sosai.

"Ya yafe miki!" Liatu ta ƙwala. "Ya yafe miki tun kafin Ista! Ya ce shi ya fara! Christabel!"

Da irin muryarta ta kan inji ta faɗa, har masu ɗiban ruwa a famfo suka juyo. Duk layin sun ji. Wata daga cikin matan ta zare wayar daga hannunta a hankali ta duba, ta ga an daɗe da kashewa.

Sun kira lambar a ranar har batir ya mutu. Sun kira da wayar Fasto, da ta Amatullah, da ta mutanen da ba su ma san su ba, ba wadda aka ɗauka. Fasto ya rubuta takardu ya kai inda aka ce a kai, aka ce za a duba. Kira na gaba sai Kirsimeti, in madam ta huce. Daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Disamba wata bakwai ne da sati uku, kuma yanzu Liatu ta san a hawa na nawa 'yarta take shanya.